Sunana na kan takardar gida, ba ya kan takardar bashi: banki ya kai ƙara, me zai hau kaina?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah waɗanda suka san harkar gidaje a nan Amurka ku agaza min. Ina Kolombus, jihar Ohayo. Yayana ya sayi gida da bashin banki a 2018. A 2020 na ɗauki adashe na ba shi dala 20,000 aka gyara rufi da ɗakunan ƙasa, shi kuma ya ce ba zai bar kuɗina su tafi haka kawai ba, ya sa sunana tare da nasa a takardar mallakar gidan. Ni ban ci bashi ba, ban taɓa ganin takardar biya da sunana ba. Yaya direban tirela ne, aiki ya ja baya, ya sayar da motar, bara ya tafi Zariya jinyar Hajiyarmu, har yau bai dawo ba. Kuɗin da nake tura masa duk wata na ɗauka banki suke tafiya, ashe asibiti ne ke cinye su. Jiya aka kawo sammaci daga kotu, sunansa na farko, nawa na biyu. Saura dala 186,000 ake bin gidan. Ni da yara uku muke ciki. Za su bi ni wannan kuɗin? Za su taɓa albashina? Tun jiya ban runtsa ba.

Ɗan Zango na Bronx:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Hajiya, tunda sunanki ya shiga sammaci ai an gama. Ƙasar nan ba a wasa da takarda. Za su riƙa cire kuɗi daga albashinki har a biya, kiredit ɗinki, wato tarihin biyan bashinki da bankuna ke dubawa, kuma ya mutu shekara 7.

Mai Tireda:
Ki yi maza gobe ki je ki sa hannu ki cire sunanki daga gidan, ki mayar masa da abinsa. Idan ba sunanki, ba ruwanki.

Baban Sadik:
Ku dakata don Allah, kar ku ƙara mata hawan jini. Maman Hanifa, kar ki sa hannu a komai tukuna, musamman abin da Mai Tireda ya ce. Ni ba lauya ba ne, amma aikina ke nan, a ofishin da ake kammala cinikin gidaje nake, nan Ohayo.

Sayen gida da bashi takardu uku ne, mutanenmu kuma sukan ɗauke su ɗaya. Ta farko takardar mallaka, ita ke cewa gidan na wane da wane ne. Ta biyu takardar alƙawarin biya, wadda mutum ke cewa ni wane na karɓi kuɗi kaza, zan biya. Ta uku takardar jingina, ita ke ba banki iko ya sayar da gidan idan ba a biya ba. Bashi a wuyan wanda ya sa hannu a ta biyu yake. Shi kaɗai banki zai iya bi da kansa, ya nemi hukunci a kan albashinsa ko asusunsa. Idan ba ki sa hannu a wannan ba, ba a bin ki ko dala ɗaya daga cikin 186,000 ɗin.

Abin da ya sa sunanki ya fito a sammaci kuwa: a Ohayo sai ta kotu ake ƙwace gida, kuma kotu ba za ta yanke haƙƙin mutum a gida ba sai an sanar da shi. Dole lauyan banki ya jera duk mai wani haƙƙi a gidan. Duba takardar da kyau, ina kyautata zaton za ki ga har ma'ajin kaunti, wato na gundumarku, a jerin, saboda harajin gida. Shi ma ai ba bin sa bashi ake ba.

Maman Hanifa:
Wallahi akwai ma'ajin kaunti, akwai matar Yaya ma. Alhamdulillah, na ɗan samu numfashi. Amma Baban Sadik wani abu ya faɗo min. A farkon 2021 Yaya ya sabunta bashin lokacin da kuɗin ruwan banki ya sauka, ya ɗauke ni muka je wani ofis na sa hannu a wurare da yawa. Ya ce min shaida ce kawai. Ban karanta ba.

Ɗan Zango na Bronx:
Kun ji ko? Na faɗa.

Baban Sadik:
Ɗan Zango, ka bari a duba kafin ka yanke. Wannan ba baƙon abu ba ne. Tunda a lokacin kina da rabi a gidan, babu bankin da zai ba da kuɗi sai duk masu gidan sun sa hannu a jingina, in ba haka ba rabin Yaya kaɗai ya riƙe. Tambayar ita ce a wace takarda hannunki yake.

Ga yadda za ki gane yau ɗin nan ba sai kin biya kowa ba. Takardar ƙarar da aka kawo miki, a bayanta akan liƙa kwafin alƙawarin biya da na jingina. Alƙawarin biya gajere ne, shafi uku ko huɗu, ki duba shafin ƙarshe ki ga hannun waye. Jinginar mai tsawo ce. Idan fom ɗin Fannie Mae da Freddie Mac ne, manyan kamfanonin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, wanda yawancin bankuna suke amfani da shi a lokacin, ki karanta sashe na 13. Ma'anarsa: wanda ya sa hannu a jingina amma bai sa a alƙawarin biya ba, ya jinginar da rabonsa na gidan ne kawai, biyan kuɗin bai hau kansa ba. Sannan ki karanta ƙarshen ƙarar, inda suke jera abin da suke roƙon kotu, ki ga a kan wa suke neman hukuncin kuɗi. Jinginar da takardar mallaka kuma kina iya ganinsu kyauta a shafin intanet na ofishin rajista na kauntin Franklin.

Maman Hanifa:
Na duba. Gajeren hannun Yaya ne kaɗai. Dogon akwai nasa, da nawa, da na matarsa. A ƙarshen ƙarar kuma sunansa kaɗai ne kusa da adadin kuɗin.

Hajiya ta Teksas:
To Alhamdulillah. 'Yar uwa ki gode wa Allah a Ohayo kike, kina da kotu, kina da lokaci. Mu a nan Teksas ba a zuwa gaban alƙali. Su aiko da takardar kwana 20 ka gyara, su biyo da sanarwar kwana 21, Talatar farko ta wata a yi gwanjon gida. Jojiya ma Talatar farko ce. Abin da ke ɗan ceton mutane shi ne dokar tarayya da ta hana a fara ƙwace gida sai biya ya tsaya fiye da kwana 120. Amma matan da ke nan ku lura, maganar Baban Sadik ta 'yan uwa ce. Mata da miji a Teksas, Kalifoniya, Arizona da sauran jihohi 6 da ke ɗaukar dukiyar aure a matsayin ta haɗin gwiwa, lissafinsu ya ɗan bambanta, bashin da miji ya ci cikin aure yana iya shafar dukiyar da suka tara tare. Kowa ya tambayi dokar jiharsa.

Malam Habu:
Jama'a, ba don in ƙara wa baiwar Allah damuwa ba, amma tushen abin shi ne bashin ruwa. Mun sha faɗa a masallaci.

Inna Laure:
Malam, da girmanka, wanda ya faɗa rijiya igiya ake miƙa masa. Kuma ba ita ta ci bashin ba.

Malam Habu:
Na karɓa, Inna. To bari in kawo abin da zai amfane ta, don fiƙihu bai bar wannan mas'alar ba. Malamai sun raba lamuni da jingina. Wanda ya tsaya wa mutum lamuni, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna biya na kansa. Wanda kuwa ya ba da aron kayansa a jinginar, kamar mace ta ara wa ɗan'uwanta sarƙar gwal ya ajiye wa mai bin sa bashi, idan bai biya ba sarƙar ce za ta tafi, ba a bin matar da abin da ya rage. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce mai kayan yana da haƙƙin komawa kan wanda ya ara masa ya biya shi. Wato rabon da Maman Hanifa za ta rasa a gidan nan, bashi ne a kan yayanta tsakaninsa da Allah, ko kotun Amurka ta ambata ko ba ta ambata ba. Ba ina cewa ta matsa masa yana jinyar uwa ba. Ina cewa a rubuta, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta umarta.

Baban Sadik:
Malam ya taɓo inda nake son zuwa. Kowa a nan hankalinsa na kan bashin da ba nata ba, ni kuwa abin da ke damuna kuɗin da ke nata ne. Maman Hanifa, gidaje irin naku a unguwar nawa ake sayar da su yanzu?

Maman Hanifa:
Na maƙwabtanmu, girmansu ɗaya, an sayar da shi dala 270,000 kwanakin baya.

Baban Sadik:
To ku yi lissafi da ni. Gida na 270,000, bashi 186,000. A ƙara kuɗin watannin da suka taru, da na lauyan banki, da la'adar dillali, mu ce duka su ci 30,000 ko 35,000. Idan ku kuka sayar da kanku kafin gwanjo, kusan 50,000 zai rage, rabi naki ne a takarda. Idan kuwa aka bari ya kai gwanjon sherif, jami'in da ke zartar da umarnin kotu, a Ohayo ana yi wa gida ƙima ne, a fara tayi daga kashi 2 cikin 3 na ƙimar. Kashi 2 cikin 3 na 270,000 shi ne 180,000. Idan masu tayi ba su yi yawa ba, gidan zai tafi a kuɗin da ko bashin bai rufe ba. Cikon a kan Yaya zai hau, kuma a gidan zama irin wannan dokar Ohayo ta ba banki shekara 2 ne daga tabbatar da cinikin ya bi shi. Ke ba za a bi ki ba, amma 20,000 ɗinki da rabon ribar sun tafi, kuma sherif zai zo da umarnin kotu ku tashi. Dokar da ke ba 'yan haya kwana 90 ba ta rufe ki ba, don ke mai gida ce.

Shi ya sa na ce kar ki bi shawarar cire suna. Ƙarar an riga an shigar, cire sunanki ba zai fitar da ke daga takardun kotu ba, ba zai ɗage jinginar ba. Abin da zai yi kawai shi ne ki ba da rabonki kyauta. Yanzu kuwa ba mai iya sayar da gidan nan ko miƙa shi ga banki sai da sa hannunki.

Mai Tireda:
To amma ai ni na san wanda ya bar sunansa a gida ya sha wahala. Ba a banza na faɗa ba.

Dogo Mai Taksi:
Mai Tireda na da gaskiya ta wani ɓangaren, ni ganau ne. Bayan rikicin gidaje na 2008 wani aminina a arewacin Ohayo ya samu sammaci, ya kwashe kayansa ya bar gidan, yana ganin ya zama na banki. Ashe bankin ya duba ya ga gidan bai kai kuɗin shari'a ba, ya janye ƙarar shiru. Gidan na nan da sunansa. Ciyawa ta yi tsawo, ɓarayi suka cire bututun tagulla, hukumar gari ta riƙa rubuta tara da sunansa, har aka kira shi kotun gidaje. Ba bashin banki ne ya kama shi ba, zamansa mai gida ne.

Baban Sadik:
Wannan gaskiya ne, kuma nan ne ainihin nauyin da ke kan mai suna a takardar mallaka. Har ranar da kotu ta tabbatar da ciniki aka rubuta wa wani sabuwar takarda, ke mai gida ce. Tarar hukumar gari kan shara ko ciyawa ko gini mai haɗari, taki ce. Kuɗin ruwan famfo a garuruwa da yawa mai gida ake bi. Idan unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje da ake biya wa kuɗin wata, su suna iya kai ki ƙara ke da kanki. Wani ya zame a ƙanƙarar ƙofar gida ya karye, sunanki lauyansa zai nema. Saboda haka ki kira kamfanin inshora gobe ki tabbatar inshorar gidan na aiki kuma sunanki na ciki. Idan ta yanke, banki kan saya wa gidan tasa, mai tsada, wadda shi take karewa ba ke ba. Maganin matsalar aminin Dogo shi ne kar a gudu a bar gida, ba a yi kyauta da shi ba.

Ɗan Zango na Bronx:
To maganar kiredit fa? Nan ma kuskure na yi?

Anti Rabi:
Bari in amsa wannan, ina aikin duba takardun masu neman bashin gida. Bankuna suna kai rahoto ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, Equifax, Experian da TransUnion ne da sunan wanda ke kan asusun bashin. Shekara 7 ɗin da ka ce gaskiya ce, amma a rahoton Yaya. Ita ta ciro rahotanninta uku, kyauta ne, in ta ga bashin gidan a ciki ta ƙalubalanta a rubuce. Sai dai kar a ce babu tabo ko kaɗan. Shari'ar a buɗe take, mai gidan haya da ya binciki sunanta a kotu zai gani. Kuma fom ɗin neman bashin gida, wanda ake kira 1003, yana tambaya ko an taɓa ƙwace maka gida cikin shekara 7 da suka wuce. Ba a ce ko kai ka ci bashin ba. Ta amsa gaskiya, ta haɗa da kwafin alƙawarin biyan da ba hannunta. Ƙarya a wannan fom laifi ne na tarayya, ya fi ƙwace gidan muni. Idan an sayar da gidan kafin gwanjo aka biya banki aka janye ƙara, tambayar ma ba ta taso ba.

Maman Hanifa:
Anti, takardun zama fa? Ina shirin neman zama 'yar ƙasa.

Anti Rabi:
Ƙwace gida shari'ar kuɗi ce, ba laifi ba ne, ba a ɗaure kowa. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, dai yana tambaya ko ana bin ki harajin da ya wuce lokaci, na tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma. Ki duba ko harajin gidan na biye, ki nuna wa lauyan shige da fice kafin ki cike.

Alhaji na Fagge:
Ina karantawa daga Kano, abin ya ba ni mamaki. Mu nan idan mutum ya ba da takardar C of O ɗinsa, ta mallakar fili, wani ya ci bashi da ita, bankuna sukan haɗa masa da takardar lamuni ya sa hannu a zama ɗaya, sai a wayi gari gida ya tafi kuma ana bin sa ciko. Ga neman amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta. Masu ba 'yan uwa takardun gida a nan gida kar su ɗauka hukuncin Ohayo ne zai yi aiki a kansu.

Baban Sadik:
Alhaji, a nan ma tarkon yana nan, sai dai a gaba yake. Maman Hanifa, ki riƙe wannan da kyau. Da zarar kin fara magana da kamfanin da ke karɓar biyan, za a iya kawo miki tayin a gyara sharuɗɗan bashin ko ki ɗauke shi ki ci gaba da biya. Idan albashinki zai iya kuma kina son gidan, hanya ce mai kyau, don ruwan da aka samu a 2021 ba a samun irinsa yanzu. Amma ranar da kika sa hannu a matsayin mai ɗaukar bashi, duk abin da muka faɗa a sama ya rushe, 186,000 ya dawo wuyanki. A yi shi da ido buɗe, lauya na gefe. Sannan wasiƙu za su fara cika akwatinki, don masu farautar irin wannan ƙarar suna bin rajistar kotu kullum. Wani zai ce ki sa masa gidan da sunansa na ɗan lokaci ya cece ki, wani zai nemi kuɗi kafin aiki. Duk shara ne. Masu ba da shawarar gidaje da hukumar gidaje ta tarayya, HUD, ta amince da su kyauta suke yi.

Abin gaggawa yanzu: kina da kwana 28 daga ranar da aka ba ki sammaci ki shigar da amsa a kotu. In ba ki amsa ba za a yanke hukunci a bayan idonki, abin ya yi sauri. Ki nemi ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi a Kolombus, in kuɗin shigarki ya wuce ma'auninsu ki biya lauyan gidaje ko na awa ɗaya ne. A amsar a nemi zaman sulhu da banki, kotuna da yawa a jihar nan suna da shi, yana sayen lokaci.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na kira kamfanin ɗazu sun ƙi gaya min komai, wai ba sunana a asusun. Na samu Yaya a waya, ya yi ta kuka yana ba ni haƙuri. Ya yarda a sayar. Albashina ba zai ɗauki biyan ba, gara mu kama haya. Amma yana Zariya, ya za a yi ya sa hannu?

Baban Sadik:
Abu biyu zai aiko. Na farko takardar izini ga kamfanin su yi magana da ke, suna da fom ɗinsu, ya cike ya sa hannu ya turo ta imel. Da ita za ki nemi cikakken adadin da zai rufe bashin a rubuce. Na biyu takardar wakilci ta sayar da wannan gidan takamaimai, da adireshinsa. Kar ya rubuta ta da kansa. Ofishin da zai kammala cinikin ne zai tsara ta, shi kuma ya kai ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishin Legas a buga mata hatimin shaida, dala 50 ne kowane hatimi, sai an nemi rana tukuna, don haka ya fara nema yau. Ainihin takardar za a aiko, ba hoto ba, don sai an yi mata rajista a kaunti.

Matarsa tana ina?

Maman Hanifa:
Tana can tare da shi. Ai ita ba sunanta a takardar gidan.

Baban Sadik:
Ko da babu. Ohayo na cikin 'yan jihohin da har yanzu miji ko mata ke da haƙƙi a gidan abokin aurensa ko ba sunansa, shi ya sa aka sa ta a jingina, aka kuma sa ta a sammaci. Ba za a rufe ciniki ba sai ta sallama. Su tafi Abuja tare, a nemi rana ta mutum biyu. Ke ma in da aure a kanki a takardun Amurka, Baban Hanifa sai ya sa hannu.

Maman Hanifa:
Akwai. Yana aiki a Indiyana, ƙarshen mako yake zuwa. Zan gaya masa ya nemi hutun ranar.